Ma'anar bawul mai sanyaya daga ciki da hanyoyin ƙera shi

Wanda ya saba karanta bayanin injinan motoci na zamani, musamman masu turbo, wato na'urar da take tura ƙarin iska cikin injin, zai riƙa cin karo da maganar cewa bawul ɗin hayaƙin injin kaza "mai rami ne" ko kuma "an zuba masa sodiyam". Duka waɗannan suna ƙarƙashin abin da injiniyoyi suke kira bawul mai sanyaya daga ciki. Sunan yana iya sa mutum ya zaci ana tura ruwa ne ta cikin bawul ɗin kamar yadda ruwan lagireto yake zagaya injin, alhali ramin da ke cikinsa a toshe yake ruf tun daga masana'anta, babu abin da yake shiga kuma babu abin da yake fita har ranar da bawul ɗin zai gama aiki. Abin da ake nufi da sanyayawa a nan shi ne kwashe zafi daga kan bawul, inda ya fi taruwa, a kai shi sandarsa, inda yake da hanyar tserewa.

Bawul shi ne marfin da yake buɗe ƙofar shigar iska ko ta fitar hayaƙi a silindar injin, ya kuma rufe ta. Siffarsa kamar ta ƙusa ce mai faffaɗan kai, kuma kan nan shi ne yake fuskantar wutar da ke tashi a cikin silinda. Bawul ɗin shigar iska yana da sauƙin lamari, domin duk lokacin da ya buɗe iska mai sanyi ce take bi ta jikinsa. Na hayaƙi kuwa wuta ce a gabansa, sannan idan ya buɗe hayaƙi mai tsananin zafi ne yake lasar wuyansa, shi ya sa zafinsa yakan kai digiri 700 zuwa 800 a ma'aunin Selsiyas, wani lokaci ma ya zarce. Hanyoyi biyu kacal yake da su na rabuwa da wannan zafi. Ta farko ita ce mazaunin da bakinsa yake dafewa a kai idan ya rufe, kuma a bawul marar rami kusan kashi 75 cikin 100 na zafin ta nan yake bi. Ta biyu ita ce sandar, wadda take gogayya da hannun rigar da take kaiwa da komowa a ciki, wato abin da makanikai suke kira gaid. Matsalar ita ce ƙarfen da yake jure irin wannan wuta, mai yawan sinadarin kuromiyam da nikel, malalaci ne wajen isar da zafi, don haka kai yana ja jawur sandar kuwa ba ta ɗauki abin kirki ba.

Maganin wannan matsala shi ne a yi wa bawul rami a zuba masa sodiyam. Sodiyam ƙarfe ne mai taushi wanda wuƙa take yankawa, bai kai ruwa nauyi ba, yana narkewa a digiri 98 kuma ba ya tafasa sai ya kai 883. Wannan tazara ita ce ta sa ya dace da aikin, domin injin yana ɗan ɗumama ya zama ruwa, kuma ya ci gaba da zama ruwa a duk zafin da bawul yake aiki. Ba a cika ramin taf da shi, akan zuba kimanin rabi ko kashi 60 cikin 100, kuma wurin da aka bari shi ne sirrin abin. A injin mai bugu huɗu da yake juyawa sau 6,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka narkakken sodiyam yana watsuwa sama da ƙasa kamar ruwan da ake girgizawa a kwalba, ya ɗebi zafi a wajen kai ya juye shi a sanda, ya dawo ya sake ɗiba. Da an cika ramin baki ɗaya, da girgizar ta mutu. Ta wannan hanya akan rage zafin kan bawul da kimanin digiri 100, kuma ga ƙarfen da yake daf da iyakar juriyarsa digiri 100 ba ƙaramin abu ba ne.

Dabarar ta girmi yawancin motocin da ke kan titi nesa ba kusa ba. Samuel Heron, injiniya haifaffen Ingila da ya koma Amurka, shi ne ya yi fice wajen gwada ta a farkon shekarun 1920 a sansanin gwajin jiragen sama na McCook da ke Dayton a jihar Ohayo, inda ya fara da narkakken gishirin naitiret kafin a koma ga sodiyam kansa. Injin jirgin sama na Wright J-5 da ya ɗauki matuƙi Charles Lindbergh daga Niyok zuwa Faris a watan Mayun 1927, tafiyar fiye da sa'o'i 33 ba tsayawa, yana ɗauke da bawul masu rami irin na Heron. Abin da ya dawo da maganar a yau shi ne ƙananan injina masu turbo, waɗanda hayaƙinsu yake kusantar digiri 1,000, kuma kan bawul mai zafi fiye da kima yana sa man fetur ya kama da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, abin da ke haddasa ƙwanƙwasar da take lalata fistin.

Ƙira tana farawa ne kamar ta kowane bawul. Ko dai a ɗauki siririn sandan ƙarfe a gasa ƙarshensa da wutar lantarki ana danna shi har ya dunƙule, sannan a buga dunƙulen a cikin mazubi ya zama kai, ko kuma a ɗauki guntun ƙarfe mai kauri a gasa shi a matse shi ta ƙaramar kafa har sanda ta fito. Ga ɓangaren kai akan yi amfani da ƙarfen da aka sani da 21-4N, mai kashi 21 na kuromiyam da kashi 4 na nikel, ko kuma gaurayen nikel irin su Nimonic 80A idan zafin ya wuce haka.

Hanya mafi daɗewa kuma mafi arha ita ce huda sandar kaɗai. Kaurin sandar bawul ɗin mota bai wuce milimita 5 zuwa 7 ba, ramin da za a yi mata kuma wajen milimita 3 ne, amma zurfinsa ya ninka faɗinsa fiye da sau 20. Ana yin wannan da irin mahudin da aka ƙirƙira don huda bututun bindiga, mai kafa a tsakiyarsa wadda ake tura mai da ƙarfi ta ciki domin ya sanyaya baki ya kuma koro ɓarɓashin ƙarfe waje. Idan mahudin ya karkace ko da kaɗan, bango ɗaya zai fi ɗaya sirantaka, kuma daga nan ne bawul yake fara lanƙwasa. Bayan huda sai a wanke ramin sosai a busar da shi, domin ragowar mai ko danshi yana haɗuwa da sodiyam ya yi datti a jikin bango ya hana zafi wucewa. Shi sodiyam ɗin ana matso shi ne kamar waya, a yanka gwargwadon buƙata, a cusa shi cikin hanzari a ƙarƙashin iskar da ba ta cin sa, kamar agon ko naitirojin. Toshe bakin ramin kuma akan yi shi da waldar gogayya: a juya guntun sanda da gudu, a danna shi a kan bakin har zafin gogayyar ya tausasa fuskokin biyu, sannan a tsayar da juyin a ƙara matsi su zama abu guda. Wannan ya zo da wata riba, domin guntun na sama akan zaɓe shi daga ƙarfen da yake karɓar taurarawa, wanda ya fi jure dukan da kamshaf, wato sandar da take juyawa tana danna bawul ya buɗe, yake aikowa.

Sai dai siririn rami yana tsayawa ne a tsakiyar kai, gefunan kan kuwa sodiyam ba ya isa gare su. Daga nan ne wahalar gaske take farawa, domin abin da ake so shi ne rami mai faɗin ciki da ƙuntataccen wuya, kuma mahudi ba ya iya yin ɗakin da ya fi ƙofar da ya shiga faɗi. Mafita ta farko ita ce a shiga ta fuskar kai, a rarake shi yadda ake so, a zuba sodiyam, sannan a rufe da faifan ƙarfe a yi masa walda da hasken leza ko da wutar lantarki. Aikin yana da sauƙin fahimta, amma ya ajiye layin walda a daidai fuskar da take karɓar wuta da matsin fashewa sau dubbai a minti, kuma a ganina duk wanda ya zaɓi wannan hanya ya ɗora rayuwar injin ne a kan ingancin wannan zobe guda na walda.

Hanyar da ta fi burgewa ita ce wadda ta juya tsarin aikin, a yi ramin tukuna sannan a yi wuyan. Ana buga ƙarfen ya fito kamar kofi, da kai a ƙasa da bango mai faɗi a sama, ta yadda kayan aiki za su shiga su daidaita cikin ba tare da takura ba. Daga nan sai a bi bangon ana tsuke shi mataki bayan mataki, ko dai ta tura shi cikin jerin mazubai da kowanne ya fi na baya ƙunci, ko kuma da na'urar da gudumominta suke kewaye bututun suna dukansa ta kowane gefe yana juyawa, har faffaɗan bango ya koma siririyar sanda mai tsawo. Ƙarfe yana taurara idan ana lanƙwasa shi a sanye, don haka akan gasa shi a tsakanin matakai ya huce kada ya tsage. Sakamakon shi ne bawul mai faffaɗan rami a kai, fuskarsa kuma ƙarfe ɗaya ce babu ɗinki. Akwai kuma masu huda sandar yadda aka saba, sannan su zura siririn sandan lantarki cikin ramin tare da ruwan gishiri, wutar ta riƙa cinye ƙarfen daga ciki har gindin ramin ya buɗe, amma faɗin da ake samu ta nan bai kai na hanyar kofi ba.

Sauran aikin na kowane bawul ne: a narka gaurayen kobal mai suna Stellite a bakin da ke dafe mazauni idan injin yana buƙata, a goge sandar daidai awo, a shafe ta da kuromiyam ko a taurara fatarta da naitirojin. Abin da ya ƙaru shi ne bincike, domin ido ba ya ganin ciki, sai an haska da hoton eksire ko an auna kaurin bango da sautin da kunne ba ya ji.

Zafin da aka kwashe daga kai yana sauka ne a kan gaid, shi ya sa injin da aka tsara da irin wannan bawul yake zuwa da gaid da tazarar da suka dace da shi, kuma ba kowane injin ake sauya wa bawul marar rami da mai rami kai tsaye ba. Sandar ma ba ta kai cikakkiya ƙarfi ba, ko da yake raguwar nauyi tana sauƙaƙa wa sifirin aikin rufe bawul a babban gudu. Sodiyam kuma idan ya taɓa ruwa yana fitar da iskar haidirojin da zafin da zai iya kunna ta nan take, saboda haka littattafan gyaran injina suke gargaɗin kada a yanka tsohon bawul mai rami, ko a niƙa shi, ko a jefa shi cikin tarkacen da za a narka, sai an fitar da sodiyam ɗin ta hanyar da masana'anta ta tsara.