Bishop Ajayi Crowther: daga jirgin bayi zuwa kujerar bishop

Wai shi wane ne asali?

Bayarabe ne, an haife shi wajajen 1809 a garin Osogun, yankin jihar Oyo ta yanzu. A 1821 mahara suka ci garinsu, aka kama shi yana ɗan yaro aka riƙa sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa hannun Turawan Fotugal, suka sa shi a jirgi daga Legas, to Allah bai nufa zai ƙare a bauta ba sai sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin a 1822 suka sauke su a Saliyo.

To ta yaya ya zama limamin coci?

Can Saliyo ƴan mishan ɗin CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angilikan, suka riƙe shi, aka yi masa baftisma a 1825 ya ɗauki suna Samuel. Yana cikin ɗaliban farko na kwalejin Fourah Bay da ke Saliyo. An naɗa shi limami a 1843, sai a 1864 a babban cocin Kantabari da ke Ingila aka naɗa shi bishop, baƙar fata na farko a ɗarikar Angilikan.

Ya sake ganin danginsa kuwa?

Ya gani fa. A Abekuta ya haɗu da mahaifiyarsa bayan wajen shekara 25, kuma daga baya aka yi mata baftisma. Ni duk tarihinsa nan ne ya fi taɓa min zuciya.

Arewa fa, ya zo?

Ya zo. Ya bi kogin Kwara tun tafiyar binciken da Ingila ta shirya a 1841 tare da Schön, wani Baturen mishan da ya yi aiki sosai a kan harshen Hausa, daga baya ya buɗe mishan a Lakwaja, ya sha zuwa Bida wajen Etsu Masaba, sarkin Nufe, kuma da girmamawa yake zama da Musulmi, ba zagi ba cin fuska. Ya rubuta nahawun Nufanci, shi ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci.

Me ya faru da shi a ƙarshe?

Nan ne abin ke min ciwo gaskiya. A 1890 wasu samarin Turawan mishan, sa'annin jikokinsa, suka zo suka dakatar da ma'aikatansa baƙaƙe a gaban idonsa wai ba su cancanta ba, tsoho mai shekara sama da 80 aka mai da shi kamar ba shi ne shugaba ba. Shanyewar jiki ta kama shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891, kuma Bature aka ba kujerarsa.