GCC: Tafintan da yake fassara kansa da kansa

GCC manhaja ce irin wadda masu rubuta shirye-shiryen kwamfuta ke kira kwamfaila, wato tafinta tsakanin mutum da inji. Mutum zai rubuta kod ɗinsa, wato umarnin da yake ba kwamfuta, da yaren C ko C++, shi kuwa injin ba abinda yake ganewa sai sifili da ɗaya, to GCC ne zai karɓi rubutun ya juya shi zuwa abinda injin zai iya aiwatarwa. Richard Stallman ne ya fara shi a ƙarƙashin GNU, shirin samar da manhajojin da kowa ke da 'yancin amfani da su da gyara su, a Amurka, aka sake shi karon farko ranar 22 ga Maris 1987. A lokacin C kaɗai yake ji, kafin shekarar ta ƙare Michael Tiemann ya ƙara masa C++. Yanzu harda Fortran da Ada da Go da D, kuma tun a 1999 saboda ƙaruwar yarukan aka canza ma'anar sunan daga GNU C Compiler, na yare ɗaya, zuwa GNU Compiler Collection, na tarin yaruka.

Yanda aka tsara cikinsa shine sirrin daɗewarsa. Kowane yare da nashi sashen a gaba mai karanta shi, daga nan duk sai su zuba cikin tsari ɗaya da ake kira GIMPLE inda ake tace kod ɗin a rage masa nauyi, sannan sashen baya ya fitar da shi daidai da injin da ake so, ko x86 ko ARM ko RISC-V. Kenan wanda zai ƙara sabon yare ba sai ya san kowane inji ba.

Abin da yafi burge ni shine yanda ake gina shi. GCC da kansa ake fassara GCC, zagaye uku: tsohon kwamfaila ya gina sabon, sabon ya sake gina kansa, wanda ya fito shima ya sake, sai a gwada na biyu da na uku, in basu yi daidai ba to akwai kuskure a wani wuri. Kuma kuskuren kwamfaila ba ƙaramin abu bane, don mutum zai rubuta kod ɗinsa lafiya lau amma tafinta ya murɗe maganar, ya kwana yana neman laifi a inda babu. Shi ya sa duk gyaran da aka kawo sai an bi shi da dubban gwaje-gwaje wani ya duba ya amince kafin ya shiga.

An sha rigima kan kula da shi. A 1997 wasu masu aikin suka gaji da jan ƙafa wajen karɓar gyare-gyarensu, suka ware da nasu reshen mai suna EGCS, aikinsu ya yi gaba sosai har a Afrilun 1999 gidauniyar FSF (Free Software Foundation) mai ɗaukar nauyin shirin GNU ta miƙa musu ragamar, nasu ya zama shine GCC na hukuma ƙarƙashin kwamiti. Gaskiya wannan warewar ta taimaki aikin. Daga baya da aka koma siga na 3 na GPL, lasisin da ke tsara yanda ake amfani da GCC da rarraba shi, a 2007 kamfanin Apple ya tsaya a kan GCC 4.2.1 ya karkata ga wani kwamfaila mai suna Clang da aka gina kan LLVM, gasar nan kuma ta sa GCC ya gyara saƙonnin kuskurensa da a da suke da wuyar fahimta.

Tun daga GCC 5 a 2015 duk shekara ake fitar da babban siga, galibi wajen Afrilu ko Mayu, watannin farko na shigar da sabbin abubuwa ne, na ƙarshe kuwa gyara kawai. Abin da aka rasa mai kula da shi cire shi ake, haka aka yi wa sashen yaren Java a GCC 7 a 2017. A Janairun 2020 aka kwashe tarihin kod ɗin gaba ɗaya daga Subversion zuwa Git, dukansu manhajoji ne na adana tarihin canje-canjen kod.