Shin abu mai nauyi ya fi saurin faɗuwa?

Da yawanmu mun taso da fahimtar cewa idan aka saki babban dutse da ƙarami daga sama, babban ne zai riga isa ƙasa. Ba abin mamaki ba ne, domin masanin Girka Aristotal ma haka ya koyar, aka riƙe maganarsa kusan shekara 2,000.

Sai dai ba haka abin yake ba. Tun a ƙarni na 6 wani malami a Iskandariyya, Yohana Filofonus, ya lura cewa tazarar da ke tsakanin faɗuwar tasu ƴar kaɗan ce ƙwarai. A 1586 wani masani, Simon Stevin, ya saki ƙwallayen dalma biyu a garin Delft na ƙasar Holan, ɗaya ta ninka ɗayar sau 10 a nauyi, suka dira tare. Masanin Italiya Galileo kuwa ya yi ta gangaro da ƙwallaye a kan katako, yana auna lokaci da ruwan da ke tsiyaya, har ya gano cewa gudun abin da ke faɗuwa ƙaruwa yake yi, kuma ba ruwansa da nauyi.

To me ya sa gashin kaza ke lilo kafin ya sauka? Iska ce ke tokare shi. A 1971, a duniyar wata inda babu iska, wani ɗan sama jannati ya saki guduma da gashin tsuntsu, suka sauka tare.

Ku gwada da kanku. Ku ɗauki takardu biyu iri ɗaya, ku dunƙule ɗaya, ku sake su lokaci guda. Dunƙulalliyar za ta riga sauka, alhali nauyinsu ɗaya. Sannan ku sake ta tare da makulli daga tsayin kafaɗa, ku ga yadda za su kusan dira tare.

Don Allah ku tura wa ƴan uwa wannan bayani.