Jirgin ruwa ba matuƙi a ciki: wa doka za ta kama?

A kudancin ƙasar Norway akwai wani jirgin ruwa mai suna Yara Birkeland, tsawonsa mita 80, yana ɗaukar kwantena 120, da batir yake tafiya. Aikinsa jigilar takin zamani daga masana'anta a Porsgrunn zuwa tashar Brevik, tafiyar da ba ta da nisa. An ƙera shi ne don wata rana ya riƙa tuƙa kansa, amma da ya fara aiki a 2022 da ma'aikata a cikinsa ya fara. Na'ura ta yi nisa, doka ce take biye a hankali.

Dalili kuwa, dokokin teku duk a kan ɗan Adam aka ɗora su. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ce kowane jirgi ya kasance a hannun ƙwararren kyaftin da jami'ansa. Ƙa'idojin hana karon jirage na 1972, a doka ta 5, sun wajabta wa jirgi ya kasance da mai tsaro a kowane lokaci, yana kallo da ido, yana saurare da kunne. To, kyamara da na'urar rada mai hango abubuwa daga nesa sun zama ido da kunne? Ga kuma yarjejeniyar kare rayuka a teku, SOLAS, ta 1974 da ta ɗora wa kyaftin nauyin kai ɗauki ga duk wanda ruwa ke neman ci. Jirgin da ba kowa a cikinsa, wa zai miƙa hannu ya ciro mutum daga ruwa? A ganina wannan ta fi sauran wuya, domin ba gyaran kalma a takarda ke warware ta ba.

Hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya, IMO, mai hedikwata a Landan, ta soma bin dokokinta ɗaya bayan ɗaya a 2017, ta kammala a 2021. Ta kasa jiragen gida huɗu: mai ma'aikata da na'ura ke taya su, wanda ake tuƙawa daga nesa amma da mutane a ciki, wanda ake tuƙawa daga nesa ba kowa a ciki, sai mai yanke shawara da kansa.

Abin da hukumar ta tsaya a kai shi ne dole a sami mutum, kyaftin, da alhakin jirgin ke wuyansa, ko da ba ya cikinsa. Yana iya zama a wani ɗaki a tudu, gabansa allunan kwamfuta, jirgin na can tsakiyar ruwa. Sharaɗin dai ya kasance yana da hanyar sa baki idan abu ya taso. Ke nan idan jirgi ya yi karo, ba za a ce laifin kwamfuta ba ne a tashi. Akwai mai amsa tambaya. Amma fa idan sadarwa ta yanke a daidai lokacin, ko wasu suka yi wa na'urar kutse, nan ne lauyoyi da kamfanonin inshora za su yi ta ja-in-ja kan wanda zai biya diyya.

Tsarin da aka shata mataki biyu ne: a fara da kundin ƙa'idoji na ganin dama ga jiragen dakon kaya, a ga yadda zai yi aiki, sannan na dole, wanda ake sa ran zai fara aiki ranar 1 ga Janairun 2032. Kafin nan kowace ƙasa ita ke da iko da ruwanta. Norway ta keɓe mashigin ruwan Trondheim don gwaji tun 2016. Japan kuma a 2022 ta gwada jirgin kwantena Suzaku tsakanin mashigin Tokyo da na Ise, ana sa masa ido daga wata cibiya a Chiba.

Najeriya mamba ce a IMO, don haka ranar da irin wannan jirgi ya nufo Apapa, jami'an NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta Najeriya, da suka saba hawa jirgi su duba takardun kyaftin za su iya tarar da cewa kyaftin ɗin yana wata nahiyar.