Katolika masu riƙon tsohuwar hanya da batun kusantar sauran addinai

Masu riƙon tsohuwar hanya wani ɓangare ne na mabiya ɗariƙar Katolika waɗanda ba su gamsu da wasu sauye-sauyen da Babban Taron Vatican na Biyu (1962–1965), wato taron bishop-bishop na Katolika daga duk faɗin duniya, ya zo da su ba. An fi saninsu da dagewa a kan yin sujada da harshen Latin, amma abin da ya fi ci wa da yawansu tuwo a ƙwarya shi ne sabon matsayin da Ikilisiya ta ɗauka game da sauran Kirista da mabiya wasu addinai. Tambayar da suke yi ita ce ko Ikilisiya tana da ikon koyar da abin da, a ganinsu, ya saɓa wa abin da ta koyar jiya.

Hujjarsu ta samo tushe daga wata tsohuwar magana da ake dangantawa da Siprian, bishop na Kartaj a ƙarni na uku, cewa babu ceto a wajen Ikilisiya. Suna kuma kafa hujja da jerin kurakurai tamanin da Paparoma Pius na Tara ya yi Allah wadai da su a 1864, ciki har da ra'ayin cewa mutum zai iya samun ceto ta bin kowane addini. Takardar da suka fi jingina da ita ita ce Mortalium Animos, wadda Paparoma Pius na Goma Sha Ɗaya ya fitar a watan Janairun 1928, inda ya hana 'yan Katolika shiga tarurrukan haɗin kan ɗariƙu, ya kuma ce hanyar haɗin kai guda ce tak, wato waɗanda suka ɓalle su dawo gida. Ya kamata a lura cewa tun kafin taron Vatican hukumomin Ikilisiya da ke Rum, mazaunin Paparoma, ba su yarda da fassara mafi tsauri ba, domin a 1949 sun yi watsi da koyarwar Fada Leonard Feeney na birnin Boston, wanda ya ce sai wanda aka yi wa baftisma da ruwa cikin Katolika ne kaɗai zai tsira.

Takardu uku na taron ne suka zama ƙashin bayan saɓanin. Unitatis Redintegratio ta 1964 ta amince cewa akwai gaskiya da tsarki a cikin sauran ɗariƙun Kirista. Nostra Aetate ta Oktoban 1965, wadda ta samu ƙuri'a 2,221 yayin da 88 suka ƙi, ta ce Ikilisiya tana girmama Musulmi, masu bauta wa Allah ɗaya Mai rahama, waɗanda suke ɗaukan Yesu a matsayin annabi suna kuma darajanta mahaifiyarsa Maryamu. Ta kuma hana ɗora alhakin mutuwar Almasihu a kan Yahudawa baki ɗaya. Ta ukun, Dignitatis Humanae, ta ce bai halatta hukuma ta tilasta wa kowa a sha'anin addini ba. Masu riƙon tsohuwar hanya suna mayar da martani da cewa gaskiya ce kaɗai take da haƙƙi, kuskure kuwa sai dai a yi haƙuri da shi don zaman lafiya, kuma yabon wasu addinai yana sanyaya gwiwar masu wa'azin bishara.

Fitaccen jagoransu shi ne Akbishop Marcel Lefebvre (1905–1991), Bafaranshen da ya yi aikin mishan a Gabon, ya zama akbishop na Dakar, ya kuma wakilci Paparoma a ƙasashen Afirka renon Faransa. A 1970 ya kafa Ƙungiyar Waliyyi Pius na Goma, mai makarantar horar da limamai a Econe ta ƙasar Suwizalan. Abin da ya kai shi bango shi ne taron addu'ar zaman lafiya da Paparoma John Paul na Biyu ya kira a garin Assisi ranar 27 ga Oktoban 1986, inda shugabannin Otodoks da Furotesta da Musulmi da Yahudawa da 'yan Buddha da masu addinin gargajiya suka hallara. Masu shirya taron, ciki har da Kadinal Francis Arinze na Najeriya, wanda a lokacin yake shugabantar ofishin Vatican mai hulɗa da sauran addinai, sun tsara cewa kowace tawaga ta yi addu'arta a wurinta dabam, don kada a ce an cakuɗa ibada. Duk da haka hotunan 'yan Buddha suna ibada a cikin cocin San Pietro na garin Assisi, da ɗan gunkin Buddha a kan bagadi, sun zaga duniya, kuma har yau su ne shaidar farko da masu suka suke nunawa. Ranar 30 ga Yunin 1988 Lefebvre ya naɗa bishop huɗu ba da izinin Paparoma ba, Rum kuwa ta sanar cewa ya fita daga tarayyar Ikilisiya shi da waɗanda ya naɗa.

Daga nan kan masu wannan ra'ayi ya ƙara rabuwa. Wasu limaman sun bar Lefebvre suka kafa Ƙungiyar Waliyyi Bitrus a Yulin 1988, suka zauna ƙarƙashin Rum suna riƙe da tsohuwar sujada. Wasu 'yan tsiraru kuma sun yi nisa har suna cewa kujerar Paparoma babu kowa a kanta tun rasuwar Pius na Goma Sha Biyu a 1958. Paparoma Benedict na Goma Sha Shida ya yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar: a 2005 ya ce a karanta takardun taron a matsayin gyara da bai yanke zumunci da tsohuwar koyarwa ba, a 2009 kuma ya ɗage hukuncin da ke kan bishop ɗin huɗu. Tattaunawar aƙida da aka yi tsakanin 2009 da 2011 ba ta kai ga yarjejeniya ba, kuma 'yancin addini da haɗin kan ɗariƙu na cikin abubuwan da suka hana ruwa gudu.

Muhawarar ta sake tashi a Fabrairun 2019, lokacin da Paparoma Francis da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu a Abu Dhabi kan takardar 'yan'uwantakar ɗan'adam, wadda ta ce bambancin addinai yana cikin nufin Allah bisa hikimarsa. Bishop Athanasius Schneider na Kazakistan, wanda yake cikin cikakkiyar tarayya da Rum, ya nemi ƙarin bayani, Francis kuwa ya amsa cewa ana nufin abin da Allah ya ƙyale ya faru ne, ba abin da ya umarta ba. Schneider ya ci gaba da neman a gyara lafazin takardar kanta, amma ba a gyara ba.