Raba daidai shi ne adalci? Tambayoyi da amsoshi

A Damagaram, duk inda ake rabon wani abu, ko hatsin agaji ko gado ko naman layya, da wuya a watse ba a ji wani ya ce an cuce shi ba. Abin mamaki, sau da yawa mai rabon ya rantse cewa kowa daidai ya ba shi, kuma gaskiyarsa.

Mene ne bambancin daidaito da adalci?

Daidaito shi ne a ba kowa abu iri ɗaya: tiya ɗaya, ƙuri'a ɗaya, layi ɗaya. Adalci kuwa shi ne kowane mai haƙƙi ya samu haƙƙinsa. Wani lokaci su haɗu, wani lokaci kowa ya kama gabansa. Mu da muka tashi cikin wahalar ruwa ba ma buƙatar dogon bayani. A ce famfo ya kawo a unguwar Garin Malam bayan ya yi kwanaki a ɗauke, sai aka yanke cewa kowane gida jarka biyu. An daidaita, babu shakka. Amma gidan mutum uku ya samu har da na wanki, gidan mutum ashirin ko na sanwa bai ishe su ba.

Wannan ba wasa da hankali ba ne kawai?

A'a, rayuka na tafiya a kansa. A yunwar 2005, wadda ta fi tsanani a jihohin Maraɗi da Damagaram, an fara da sayar da hatsi cikin rahusa, farashi ɗaya ga kowa. Wanda ya riga ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, rahusa ba ta yi masa komai ba, don ko dala ba shi da ita. Sai daga baya aka shiga rabon kyauta. Haka kuma tun 2006 Nijar ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani a likita. Babba yana biya, yaro ba ya biya. Ba daidai ba ne, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi zalunci ba. Kukan da ake yi, na rashin maganin ne a kan kanta.

Me addini ya ce?

Musulunci ya yi amfani da duka biyun, kowanne a muhallinsa. Zakka ba a watsa ta ga duk mutanen gari. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na masu cin ta. Gado ma kowane magaji da nasa kason, kamar yadda Suratun Nisa'i ta zayyana. Amma da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa kyauta shi kaɗai ya bar sauran ƴaƴansa, Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida, ya umarce shi da ya ji tsoron Allah ya yi adalci tsakanin ƴaƴansa. A nan fifikon ba shi da dalili, shi ya sa ya zama laifi.

To, a ina ne daidaito shi kansa ya zama adalci?

A gaban shari'a. Nan babu babba babu yaro, babu ɗan Birni babu baƙon Zango. Lokacin da wata mata daga gidan manya na Banu Makhzum ta yi sata aka nemi a yi mata alfarma, Annabi (SAW) ya ce ko da Fatima ƴarsa ce, hukuncin zai hau kanta. Kakanninmu sun ɗanɗani akasin haka. A zamanin Nasara, lokacin da Zinder, wato Damagaram, ke babban birnin ƙasa kafin a mayar da shi Yamai a 1926, akwai dokar ƴan ƙasa daban da ta ƴan Faransa, har kumandan kan iya kulle talaka ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Sai a 1946 aka soke wannan tsari. Yau takarda ta ce kowa ɗaya ne. Manomi da makiyayi da suka je gaban mai gari ko sarki kan ɓarnar gona su ne suka fi sanin ko haka abin yake.

Ware wa mata kujeru fa, ba tauye maza ba ne?

Dokar 2000 ta ce kowane jinsi ya samu aƙalla kashi 10 cikin 100 na muƙaman zaɓe da kashi 25 na naɗi. A 2019 aka ɗaga zuwa 25 da 30. Masu suka suna cewa cancanta ce ya kamata ta yi aiki. Masu goyon baya suna cewa yarinyar da aka cire daga lakwal aka yi mata aure ba a wuri ɗaya ta tashi da wanta ba. Ni ina tare da na biyun, da sharaɗi: in matan manya da ƙannensu kaɗai ke cike gurbin, ƴar ƙauyen Tanut ko Magarya ba ta ga komai ba.

Ashe kowa zai iya fifita nasa ya ce adalci ya yi?

Nan ne haɗarin yake, kuma an sha yi. "Kowa da matsayinsa" ta daɗe tana rufa wa son kai asiri. Shi ya sa asali shi ne a raba daidai, wanda zai kauce kuma shi ke da nauyin kawo hujja: buƙata, ko gumin da aka zuba, ko nauyin da mutum ya ɗauka. Hujjar ta zama wadda za a iya faɗa a bainar jama'a, a gaban wanda aka rage wa. Mai rabon kuma ya tambayi kansa ko zai yarda da wannan ƙa'ida in da shi ne a ƙarshen layi. "Gidan nan marayu ne" tana tsallake wannan gwaji. "Ɗan jam'iyyarmu ne" ko "surukin mai unguwa ne" kuwa, a raɗa ake faɗarsu bayan an watse.