Waiwaye: takardar dangwalen nan ba daga sama ta faɗo ba

Makon jiya wasu ma'aikata suka zo ƙauyenmu nan gefen Bichi ɗibar jinin yara, bincike suke a kan zazzaɓin cizon sauro. Aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar gidan mai unguwa, kafin a taɓa yaro sai wata ta karanta wa uwar takarda da Hausa sannan ta dangwala. Gwaggona ta saurara tsaf, ta gyara goyon jikanta tace "Allah ya ba da sa'a, amma ban da nawa." Samarin gefe suka hau dariya wai duhun kai. Ni kam ban yi ba, don yawancinsu ba a haife su ba a 1996.

Shekarar ce sanƙarau ya kashe mutum kusan 12,000 a Najeriya. Ana tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa (IDH) na Kano ya gwada sabon maganinsa Trovan, yara 200 aka ɗauka, rabi aka ba su Trovan rabi wani tsohon magani ceftriaxone, 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan shida a na ceftriaxone, wasu suka tashi kurame ko da shanyewar jiki. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna ba maganin ba, kuma an nemi izini da baki. Iyayen kuma suka ce su ba wanda ya gaya musu gwaji ne. Toh a nan gizo ke saƙar, uwar da ɗanta ke sanƙare a hannu ai ko me ka miƙo karɓa za ta yi.

Kuma fa ba wai babu doka ba ne lokacin. Tun 1947, bayan shari'ar likitocin Hitila a Nuremberg, aka rubuta cewa sai an fara gwaji a kan dabba, kuma ba a taɓa mutum sai da yardarsa. Aka ƙara da wata ƙa'idar gwaji a kan mutane, ta Helsinki, a 1964.

Sai a Disamba 2000 jaridar Washington Post ta tono zancen, daga baya ma aka gano takardar amincewar kwamitin ɗa'a (mai ba da izinin gwaji a kan mutane) da aka nuna, baya aka mayar da kwanan watanta. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuɗin farko bai shiga hannun iyalai ba sai 2011, gida huɗu, shi ma sai da aka yi gwajin DNA. Shekara 15 kenan fa.

A tsakani kuma mun sha kuɗar wannan rashin yarda, Kano ta dakatar da rigakafin foliyo a 2003 zamanin Shekarau har tsakiyar 2004, cutar ta bazu ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ka'idar binciken lafiya ta ƙasa sai 2007 ta fito, ita ta wajabta kwamiti ya duba kowane bincike, kuma a ciki akwai damar mutum yace a'a ba tare da an hana shi magani ba.

Abin da ya tsaya min a rai ranar, da safe mai shela cewa yayi "mai unguwa yace kowa ya fito da ɗansa", wanda a ƙauye wannan ai umarni ne, da yawa sun dangwala tun ba a kai rabin karatun ba. Ma'aikaciyar dai da gwaggo ta miƙe cewa tayi "ba komai Mama, ki gaida gida", ta kira ta gaba.